Kiyaye kifaffen shok ɗin gaba a baburan ratsa daji

Ka tambaye ni, yarona, abin da ke sa kifaffen shok ɗin gaba na baburan ratsa daji yawan yoyon mai, da kuma ko ƙara tamke notuna zai ƙara masa ƙarfi.

Ƙarfi kam yana da shi, domin bututun mai kauri ne a sama, inda nauyi ya fi matsawa idan aka taka birki ko aka faɗa rami. A Yamaha Ténéré 700 kaurin siririn bututun da ke ƙasa milimita 43 ne, a Honda Africa Twin kuwa 45. Rauninsa yana ƙasa, inda siririn bututu mai sheƙi yake kusa da taya, tsakuwa na dukansa, laka na bushewa a jikinsa. Ƙwarzane ɗaya da farce zai iya ji ya isa ya yanka sil, wato robar da ke hana mai fita, kuma da yake man yana saman sil ɗin, idan ya zubo kan faifan birki yake sauka. Saboda haka kada babur ya bar hannunka da fasasshen murfin robar da ke kare wannan bututu, kuma ka goge busasshiyar laka kafin a girgiza shok. Safar roba da wasu ke sanyawa ba laifi, amma idan ba a cire ta ana wankewa, yashin da ta tara shi zai ci bututun. Sau da yawa ma sil bai lalace ba, ƙasa ce ta maƙale a leɓensa, kuma siririn fallen roba da aka zura aka zagaya da shi yana fito da ita.

Batun tamke notuna kuwa, a nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Idan ka matse maƙalin ƙasa da ke riƙe bututun sama fiye da yadda littafin kamfani ya ƙayyade, bututun zai ɗan lotse, bushin da ke ciki, wato zoben da siririn bututu ke zamewa a kansa, ya riƙa cijewa, shok ya yi tauri. Ka yi amfani da sifana mai awo. Bayan ka mayar da taya, ka danna gaban babur sau da dama kafin ka ɗaure notunan da ke riƙe aksul, wato sandar da taya ke juyawa a kanta, domin ƙafafun biyu su daidaita.

Idan mai babur yana ɗaukar kaya masu nauyi, sifirin da ya dace za a sa masa, yadda idan ya hau, shok zai nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar nutsewarsa.