Ganga a Faifan Bulugiras: An Gurɓata Kiɗan Ne?

Tambaya: Malam, wata shida ke nan ina koyon banjo, molon nan na Amurkawa. Na kamu da son faifan Wheatstraw Suite na ƙungiyar The Dillards, sai wani a intanet ya ce min wannan ba bulugiras ba ne, gurɓatacce ne, zai ɓata min hannu. In daina saurare?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, babu abin da zai sami hannunka.

Gaskiya ne faifan ya saɓa wa abin da aka saba ji a bulugiras, wato kiɗan karkarar Amurka na banjo da jita da goge. Kamfanin Elektra ne ya fitar da shi a 1968, bayan mai kaɗa musu banjo, Doug Dillard, ya bar ƙungiyar, Herb Pedersen ya karɓi banjo. Suka shigo da ganga, da jitar lantarki, da gogen makaɗan Turawa, har suka rera wata waƙar Beatles da salon mutanen Mizuri, jihar da suka fito. Wata waƙar a guje, wata a tsanake, muryoyi sun hau kan juna.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan magana ta "tsantsar bulugiras". Kullum sai na ci karo da ita, yawanci daga bakin waɗanda ba su taɓa ɗaura tsirkiya ba. Wace tsantsa? Bill Monroe, wanda ake kira uban wannan kiɗa, a Kentaki ya tashi, kuma yana yaro ya yi kiɗa tare da Arnold Shultz, baƙar fata mai jita, ya ɗebi bulus, salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, a wajensa. Kaɗa banjo da yatsu uku da ake ɗauka gadon kaka da kakanni ne, sai a 1945 ya shiga ƙungiyar Monroe, lokacin da Earl Scruggs ya zo. Ita kanta banjon, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa ta da ƙwarya da fata. Danginta su ne akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, da irin su gurmi da molo namu. Kiɗan da aka haifa da gauraye, yau wani ya zauna bayan waya yana rabon takardar halacci!

Inda mutumin naka yake da 'yar gaskiya: a wannan faifan banjo ba ita ce sarauniya ba, murya ce. In yatsu kake son horarwa, nemi faifansu na farko, Back Porch Bluegrass na 1963, ka rage saurinsa, ka bi Doug ɗaya bayan ɗaya. Wheatstraw Suite kuma ka bar shi don kunne.