Kawu, ga abin da ke kai mu bakin layin dogo

Kawu, barka da war haka. Ka tambaya me ya sa magidanta irinmu, da aikinmu da iyalinmu, za mu ɓata Asabar guda a tasha a Ingila muna musu kan tsofaffin kawunan jirgi. Har da cewa ko sanyi ne ya taɓa mu. To, ba sanyi ba ne.

A nan akwai dattawan da tun suna yara suke tsayawa bakin dandamali da ɗan littafi suna rubuta lambar duk kan jirgin da ya wuce. Mu 'yan ƙalilan da muka daɗe a ƙasar, maƙwabta da abokan aiki suka ja mu ciki. Hukumar reluwe lamba take ba kowane samfuri, amma a bakin dandamali ba mai kiran lamba, kamar dai yadda ba wanda zai ce maka babur mai ƙafa uku a Kano, sai A Daidaita Sahu.

Yawancin laƙabin kunne ne ya raɗa su. Samfurin 37, wanda kamfanin English Electric ya ƙera guda 309 daga 1960 zuwa 1965, wasu Tractor suke ce masa don ƙararsa ta tarakta ce sak, wasu kuma Growler, wai gurnani yake. Ni ina ɓangaren masu gurnani. Ka tsaya kusa da shi lokacin da direba ya buɗe masa wuta zai tashi, hayaƙi baƙi ya turnuƙe, sai ka ji abin a ƙirjinka kafin kunnenka. Wannan kamfanin ne ma ya ƙera wa reluwen Najeriya kawunan dizal a shekarun 1950.

Samfurin 40 Whistler ne saboda fito yake yi, ba a musu a kansa. Rigimar tana kan samfurin 50. An yi guda 50 kacal a 1967 da 1968, aka sa musu Hoover don matatar iskarsu tana ƙara irin ta injin zuƙe ƙura, wanda Turawan nan ke kira Hoover. Daga baya aka yi musu garambawul a garin Doncaster, aka cire matatar, ƙarar ta tafi, sunan ya zauna. Matasa su ce sunan ba shi da sauran hujja. Dattijo ya ce shi ya ji da kunnensa, wanda bai ji ba ya yi shiru.

Akwai kuma laƙabin raini. Samfurin 47 an yi har 512, a da ko'ina ka juya shi ne, sai masu jiran wani abu daban suka sa masa Duff, wato mara amfani. Kada ka faɗi wannan gaban masoyansa, su Brush suke cewa, sunan kamfanin da ya fito da shi.

In Allah ya kawo ka, zan kai ka bikin dizal na layin Severn Valley. Ka zo da rigar sanyi, shayi kuwa nawa ne. A gaishe min da Inna.