Giyar motata ta ƙone sau biyu: in sa 4L80E ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Chevrolet Tahoe ƙirar 2003 mai injin V8, wadda na ƙara wa ƙarfin inji. Sau biyu ke nan giyarta, 4L60E, tana ƙonewa, na ƙarshen a hanyar Kano. Bakanikena ya ce in cire ta in ɗora 4L80E. Shin za ta zauna, kuma ta cancanci kuɗin? Daga mai karatu a Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ta zauna, kuma tunda ka taɓa injin, shawarar bakaniken naka tana kan hanya. Sai dai sayen giyar rabin aikin ne kawai.

Ita 4L60E ba a yi ta don injin da aka ƙara wa ƙarfi ba. Inda take fara gazawa shi ne kulocin giya ta uku da ta huɗu. Za ka ji motar ta ja lafiya a ta ɗaya da ta biyu, tana shiga ta uku sai inji ya yi ta kuka ba gudu. Ita kuwa 4L80E, wadda General Motors ya fitar a 1991, tsohuwar giyar kamfanin ce mai suna TH400 aka ƙara mata giya ta huɗu ta doguwar tafiya. Manyan motocin ɗaukar kaya aka yi wa ita, har Bentley sun yi amfani da ita. Haƙurinta ba a magana.

Amma akwai abin da za ka rasa. Giya ta ɗaya a taka ta yanzu 3.06 ce (wato yawan juyin inji kafin farfela ta juya sau ɗaya), a sabuwar 2.48, don haka tashin farko zai ɗan yi nauyi, za ka fi jin haka a cunkoson Kwangila ko PZ a Zariya. Ta huɗu kuma daga 0.70 za ta koma 0.75, wato a kan babban titi injin zai riƙa juyawa fiye da da, ya ɗan ƙara shan mai. Ga ta da nauyi da jiki.

Wajen ɗaurawa, bakinta ya dace da bayan injinka, amma ƙarfen da ke tallafe ta daga ƙasa sai an matsar da shi, farfela sai an sake mata tsawo da kai, domin sandar bayan giyar haƙora 32 gare ta, ta tsohuwar 27. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, akwatin raba ƙarfin ma sai an canja masa sanda. Kada a yanke farfela a yi mata walda da ido, a kai ta inda za a daidaita ta a kan inji, in ba haka ba rawar da za ta yi ta isa ta cinye maka sabuwar giyar.

Inda na fi jin tsoro shi ne wuta. Wannan giya kwamfuta ke ba ta umarni, kuma na'urorin auna gudu biyu gare ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Dole a sauya wasu wayoyi a soket, a kuma sake wa kwamfutar motar karatu, ko a sa mata tata daban. Ka fara samun mai wayarin da ya taɓa yin wannan aikin kafin ka ba da ko sisi. In babu shi a Zariya, gara ka ja motar zuwa Kaduna ko Kano.

Wajen saye, ko a Panteka ta Kaduna ne ko Kofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, nemi ƙirar 1997 zuwa sama, domin an gyara mata hanyar zagayen mai. Sa a kwance farantin ƙasa a gabanka. Baƙin mai mai ƙauri ko garin ƙarfe, bar musu abinsu. A haɗa maka da kwanbatarta, wato tulun nan da ke tsakanin inji da giya, ta tsohuwar ba za ta shiga ba.

Sannan ka ƙara mata abin sanyaya mai na daban a gaban lagireto. Zafin watan Maris da Afrilu a nan, ga ƙarin ƙarfin inji, shi ne zargina na farko a kan giyoyin da ka rasa. Mai kuma Dexron VI za ka zuba, a cikin galan ɗinsa a rufe, ba na awo a kwalba ba.