Amsar tambayar sitiyari, daga zauren 'yan tseren mota na Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan zaure, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari saƙonka tun bayan la'asar, inda kake tambaya ko ka sayar da wayarka ɗaya ka cika kuɗi ka sayi sitiyarin Logitech G29, saboda a ganinka hannun gem, wato abin sarrafa wasa da ake riƙewa a hannu, shi ne yake hana ka cin tsere a Gran Turismo 7, wasan tseren motar nan da muke bugawa ta intanet. Zan amsa maka, amma zan amsa abin da na fahimci shi ne ainihin damuwarka, domin a cikin saƙon da bakinka ka ce kana tashi a na uku ko na huɗu, sannan ka ƙare a na goma sha biyu. Mutumin da ya iya buga lokacin da zai ajiye shi a sahun gaba da hannun gem, ai hannun bai hana shi gudu ba. Abin da yake faruwa tsakanin tashi da ƙarewa shi ne ya kamata mu zauna a kai, kuma sitiyari ba zai gyara maka shi ba. Kada ka sayar da wayarka.

Na kalli tserenka guda biyu da ka turo makon jiya, kuma duka biyun a zagayen farko ka zubar da su. Zagayen neman gurbi, wato wanda lokacinka a cikinsa yake nuna matsayin da za ka tashi, kai kaɗai ne a hanya, tayarka ta yi ɗumi, ka san allon gefen hanya mai nuna nisan kwana da za ka taka burki a kansa. Zagayen farko na tsere kuwa wani abu ne dabam, domin tayoyi suna da sanyi, tanki cike yake da mai, mota ta yi nauyi, ga motoci goma sha biyar kowa yana neman rami ɗaya. Bugu da ƙari, idan kana bin bayan wani a miƙaƙƙiyar hanya, shi yake keta maka iska, saboda haka za ka iso kwana da gudun da ya fi wanda ka saba, alhali iskar da ya kamata ta danne motarka ƙasa ta ragu. Wannan yana nufin dole ka taka burki tun kafin wurin da ka saba, kai kuma a daidai allon mita 150 kake takawa kamar babu kowa a gabanka. A Monza, filin tseren nan na Italiya, inda ake isowa kwanar farko da gudun da ya haura kilomita 250 a awa sannan a sauko ƙasa da 80, kuskuren mita goma ya isa ya tara motoci biyar wuri ɗaya.

Kuma akwai abin da ya shafe mu mu da muke wasa daga nan, wanda yaron da yake zaune a Jamus ko Ingila bai damu da shi ba, wato jinkirin sabis. Ka yi lissafin da kanka. Motar da take gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 a kowace daƙiƙa. Idan jinkirin da ke tsakaninka da abokin karawarka ya kai kashi 15 cikin ɗari na daƙiƙa, to inda kake ganin motarsa da inda take a zahiri za su iya bambanta da kusan mita takwas, tsawon mota biyu ke nan ba kaɗan. Wasan yana ƙoƙarin hasashen inda motar za ta kasance, amma a lokacin taka burki hasashen yake yawan kuskure. Shi ya sa za ka rantse ba ka taɓa mutum ba, shi kuma a allonsa ya ga ka turo shi waje. Ni tun da na gane wannan nake barin tazarar mota guda fiye da abin da idona yake ce mini ya isa, musamman tsakanin magariba da ƙarfe goma, lokacin da kowa a unguwa ya hau intanet.

To, batun salon tuƙi da wasu suka ɗauko a ƙarƙashin saƙonka, inda aka ce wai ka zama mai zafi, ka daina jin tsoro. Ban yarda da wannan shawara ba. Salo iri biyu ne muke gani. Akwai mai tura mota cikin kwana da ƙarfi, ya jinkirta burki, ya karya sitiyari lokaci ɗaya, ya miƙe ya taka totur. Akwai kuma mai zagaya kwana a hankali kamar yana zana baka, ba ya barin gudu ya faɗi ƙasa sosai. Dukansu suna iya ba da lokaci mai kyau a zagaye ɗaya, amma taya tana da iyakar riƙon da za ta iya bayarwa, kuma burki da juyawa daga wannan riƙo ɗaya suke ci. Idan ka ba burki duka, babu abin da ya rage wa juyawa, sai ka ga gaban mota ya ƙi shiga, ka ƙara karya sitiyari, taya tana kuka tana cinyewa. Abin da ƙwararru suke yi shi ne su taka burki da ƙarfi tun mota tana miƙe, sannan su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda suke juyawa, domin nauyin mota ya zauna a tayoyin gaba har ta kai tsakiyar kwana. Ana yin wannan da hannun gem sarai, da yatsan da ke kan madannin burki. Kai kuwa sakinsa kake yi gaba ɗaya kamar ka taɓa garwashi.

Alain Prost, wanda ya ci kambin duniya na Formula 1 sau huɗu, ana kiransa Farfesa saboda yana tuƙi da lissafi, yana tattalin taya da mai da burki, har sai waɗanda suka fi shi zafi sun gaji. Mu ma nan gida ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin sukuwa ya san mahayin da ya saki linzami tun daga tashi, jama'a suna ta sowa, sannan a zagayen ƙarshe dokin ya fara kumfa, wanda ya riƙe nasa ya zo ya wuce shi. Taya ita ce numfashin dokin nan.

Wannan ya kawo ni kan tseren C, ɗaya daga cikin tseren intanet da wasan yake shiryawa kullum, wanda yawanci ake ninka cin taya da shan mai a cikinsa. Kana ɗaukar taya mai laushi, mai jan tambari, saboda ta fi riƙo, ka ƙone ta a zagaye huɗu, sauran tseren kuma kana ta zamewa. Ka gwada mai rawaya, ka zauna a bayan wanda ke gabanka, ka matsar da ma'aunin mai daga 1 zuwa 2 ko 3 don mota ta rage shan mai, muddin kana cikin iskarsa, domin ba za ka rasa komai ba, shi yake ja maka. Man da ka tara a nan shi zai rage maka tsayuwa a gareji, inda ake tsayawa canza taya da shan mai a tsakiyar tsere, kuma daƙiƙa uku da ka samu a wurin shan mai sun fi sauƙin samu a kan daƙiƙa uku da za ka nema da kasada a kwana. Idan ka ga ka maƙale a bayan mutum, ka fi shi gudu amma babu hanyar wucewa, ka riga shi shiga gareji da zagaye ɗaya, ka fito da sabuwar taya ka yi zagaye mai kyau, lokacin da zai fito daga tasa tsayuwar sai ya gan ka a gabansa. Ka tuna tseren Formula 1 na Hungary na 2019, inda Mercedes suka sake kiran Lewis Hamilton gareji yana bayan Max Verstappen, ya fito da tazarar kusan daƙiƙa 20, ya yi ta cinye ta da sabuwar taya har ya wuce shi a zagaye na 67 cikin 70. Sai dai ka duba taswira kafin ka shiga, kada ka fito tsakiyar ayarin masu faɗa da juna, domin a nan dabarar take mutuwa.

Amma bari in faɗi abin da ya sa maganar nan ta “zama mai zafi” take sosa mini rai, tsofaffin 'yan zaure sun san labarin. Azumin shekara biyu da suka wuce, bayan tarawihi, muka shirya tseren zagaye 20 a Monza tsakaninmu. An ɗauke wuta tun yamma, na aiki yaro har bakin Ƙofar Ƙaura ya sayo mini fetur a galan, na tayar da janareta, ina zaune a ɗaki cikin zafin bazara, fanka na kashe don kada ta ja wuta. Na tashi a na shida. Ban wuce kowa da ƙarfi ba, na bar mutum biyu suka kwashi juna a kwanar farko, na riga ɗaya shiga gareji, na kama na biyu a kwanar Ascari lokacin da tayarsa ta ƙare, sannan na wuce na ɗaya a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya bayan na bi iskarsa tun daga kwanar ƙarshe, Parabolica. Ina gaba a zagaye na 18. A'a, na 17 ne, domin na tuna saura uku cif. Sai wani bawan Allah da yake bayana da tazarar fiye da mota huɗu ya jefo motarsa ta ciki a kwanar farko, bai taka burki ba sai wajen allon mita 100, ya yi burki da ƙofar motata. Na juya sau biyu, na ƙare a na tara, shi kuma ya ci tseren.

Abin da ya fi ɓata mini rai ya biyo baya. Na sa bidiyon maimaicin tseren a zaure, kowa ya gani, na jira ya ce a yi haƙuri, sai ya rubuto cewa ai tsere ne, wanda ya bar ƙofa a buɗe shi ya so. Wace ƙofa? Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce, idan gaban motarka bai kai gefen motar mutum ba kafin a fara juyawa, kwanar tasa ce, kuma alhakin wucewa lafiya yana kan na baya. Wasu suka ce wataƙila sabis ne. Na duba wannan ma, domin ni na fara kawo maganar sabis a zauren nan, amma sabis ba ya matsar da burkin mutum mita hamsin. Kuma al'adar da muka taso da ita ita ce, idan ka ture mutum, ka ɗaga ƙafa ka jira shi ya koma gabanka, ko da za ka rasa matsayi biyar. Bai jira ba. Ya bar zauren daga baya, ba zan ambaci sunansa ba, kuma na yafe, amma har yau idan na iso allon nan na mita 150 sai na kalli madubi sau biyu. Da na san abin da na sani yanzu, da na gan shi yana tahowa sai in buɗe masa, ya zarce da gudunsa ya wuce kwanar, ni kuma in koma ciki in fita a gabansa. Wannan dabarar ka koye ta, domin irinsa suna da yawa.

Na so in yi magana kan saitin mota, ma'aunin burki gaba da baya da sauransu, amma a bar shi, ba matsalarka ba ce yanzu, kuma zai ƙara rikita ka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne makin ladabinka, wato makin da wasan yake ba ka gwargwadon yadda kake tuƙi ba karo, wanda ka ce ya faɗo zuwa matakin C. Wasan yana haɗa ka da masu irin makinka, saboda haka duk karon da ka yi yana tura ka ɗakin da ya fi cika da masu karo, su kuma su ƙara jawo ka ƙasa. A iRacing, wani wasan tseren mota na intanet wanda aka fara tun 2008, abin ya fi tsanani, domin idan motoci biyu suka yi karo mai ƙarfi kowannensu ana rubuta masa maki huɗu na laifi ba tare da an tambayi wa ya jawo ba. Da farko na ɗauka zalunci ne, daga baya na ga hikimar, wato a koya maka guje wa haɗarin da ma ba kai ka jawo shi ba. Idan kana son fita daga ɗakin da kake, ka yi tsere biyar a jere ba ka nemi wuce kowa a zagayen farko ba, ko da za a wuce ka. Za ka ga ka tsinci matsayi uku ko huɗu daga waɗanda suka watse a gabanka.

Bari in gyara wata magana da na yi a farko, kada a ce na raina sitiyari. Yana da amfani, domin yana sanar da hannunka lokacin da taya ta fara sakin ƙasa, kuma feda ta fi yatsa tsawon tafiya, saboda haka sakin burki a hankali ya fi sauƙi. Jann Mardenborough, da ya ci gasar 'yan wasan Gran Turismo mai suna GT Academy a 2011, daga wasan ya shiga motar gaske har ya zo na uku a ajinsa a tseren Le Mans na Faransa a 2013, kuma Verstappen kansa ya yi ta tsere a intanet da ƙungiyar Team Redline. Idan Allah ya hore maka nan gaba, ka saya, ni da kaina zan zo in taya ka ɗaure shi a tebur. Amma ka sani makonnin farko lokacinka zai lalace kafin hannunka ya saba, kuma wanda yake shiga kwanar farko da ka, da sitiyari ma haka zai shiga.

Ranar Juma'a bayan isha'i zan buɗe ɗaki a Monza, zagaye 10, mu biyu da duk wanda yake so, taya mai rawaya. Zagaye biyar na farko ka bi bayana, kada ka wuce ni ko ka ga hanya, ka lura da inda fitilar burkina take kamawa da inda take mutuwa. Biyar na ƙarshe ni zan bi bayanka in matsa maka, in ga ko za ka riƙe layinka. Ka cika data tun da rana, kuma ka gaishe mini da Baba. Wassalamu alaikum.