Amsar Yaya ga Auta kan intabiyun ranar Alhamis

Assalamu alaikum jama'ar gida. Auta, na saurari muryarka tun da rana, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce an kira ka intabiyu ranar Alhamis a wani kamfani a Kakuri nan Kaduna, aikin sito, kuma jikinka ya yi sanyi domin abokanka sun ce ɓata lokaci ne, wai an riga an raba guraben. Ka kuma tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin intabiyun da ta yi kyau. To, a nan zan amsa maka, don ƙannenmu mata da ke shirin gama bautar ƙasa su ma su ji.

Maganar hanya, ba zan ce maka babu ba, a ƙasar nan muke. Amma ka lura, kamfanin ɗan kasuwa kuɗinsa ne a cikin siton nan. Ko ɗan wa aka turo masa, in bai iya lissafin kaya ba, shi zai yi asara. Na zauna a teburin ɗaukar ma'aikata a wurin aikinmu ba sau ɗaya ba, kuma wallahi na ga an ɗauki mutanen da ba su san kowa ba.

Wadda ta fi tsaya min a rai ta wani yaro ce da ya yi HND a Kaduna Poly. Takardunsa ba su fi na sauran ba, akwai ma masu digiri a layin. Manajanmu ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe sito. Sauran da aka yi wa wannan tambaya, kowa sai ya ce shi mai gaskiya ne, mai ƙwazo ne, yana aiki ko da an matsa masa. Haddar intanet dai, har jerin kalmomin iri ɗaya. Shi kuwa sai ya ce bai taɓa aiki a kamfani ba, amma tun yana sakandare yake tsare shagon kawunsa a Kasuwar Gumi. Ya ce akwai lokacin da katan-katan na madara suka riƙa lalacewa a hannunsu, da ya duba sai ya ga yaran shago suna ɗora sabon kaya a gaba, tsoho yana can baya har wa'adinsa ya wuce. Sai ya sauya jeri, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, ya buɗe littafi yana rubuta ranar shigowar kowane kaya da ranar ƙarewar wa'adinsa. Auta, manajan nan ajiye biro ya yi. Daga nan tambaya ta ƙare, hira ta fara. Yana tambayarsa ya yake yi da masu karɓar kaya bashi, yaron yana ba shi amsa, har dariya aka yi. Da ya fita babu wanda ya yi gardama a cikinmu.

Ka ga abin da nake so ka kama ke nan. Mu nan gida an tarbiyyantar da mu kada mu yabi kanmu, babba yana magana ka sunkuyar da kai, a tambaye ka ka ce "ba komai". Tarbiyya ce mai kyau, kada ka bar ta a bakin ƙofa. Amma faɗin aikin da ka yi da hannunka ba yabon kai ba ne. In ka noƙe, mutumin da ke gabanka ba shi da ilimin gaibu, takarda kawai yake gani, kuma takardar kowa kusan iri ɗaya ce. Kai da ka riƙe littafin kayan abinci na makarantar da ka yi bautar ƙasa, kai da Baba yake tura ka karɓo siminti kana ƙirgawa buhu-buhu kafin mota ta tashi, waɗannan su ne kayanka. Ka zauna daren nan ka tuno biyu ko uku: mene ne matsalar, me ka yi, me ya biyo baya. In akwai adadi ka faɗe shi. Ka ɗaga kai ka kalli mai tambayar, ba zuru ba, kallo dai na mai magana da mutum.

Turanci kuma kada ya tsorata ka. Yaron nan da nake faɗa maka Turancinsa na talakawa ne, yana tsayawa ya nemi kalma. Ba gasar muhawara aka zo ba. In ba ka gane tambaya ba ka ce a maimaita. In suka ce ko ka iya Excel, faɗi iya inda ka iya, domin wasu a take suke juyo maka da kwamfuta su ce bismillah.

Af, kafin in manta, daga Kawo zuwa Kakuri tafiya ce, sai ka ratsa gari ka haye kogi, kuma ka san yadda wajen Sitadiyam yake cushewa da safe. Ka fita da wuri, gara ka zauna a benci kana jira. Takardu na asali da kwafinsu a fayil guda, da satifiket ɗin bautar ƙasa da takardar NIN. Ka tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a dukkansu. Kaya kuwa, kaftani mai guga ya wadatar, ba sai ka ari kwat ba.

Sai maganar albashi, inda yawancinmu ke cewa "duk abin da kuka ba ni". Kada ka faɗi haka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma N70,000 tun 2024, alawus ɗin masu bautar ƙasa ma ya kai N77,000 a 2025, to ka san daga inda za ka fara lissafi, ka haɗa da kuɗin keke da bas na kullum zuwa Kakuri. Ka tambaya cikin ladabi ko adadin da suka faɗa kafin cire-cire ne ko bayansa, domin dokar fansho ta 2014 ta ce a ciri kashi 8 daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10. Mai wannan tambayar ba a ganinsa a matsayin mai kwaɗayi, ni dai a teburinmu ƙara masa maki muke yi, don ma'ajin sito da bai san lissafin aljihunsa ba abin tsoro ne.

In suka ce kana da tambaya, ka tambaye su sau nawa suke ƙidayar kaya, kuma wa zai sa hannu kafin kaya su fita. Kada kuma wani ya ce ka biya kuɗin fom ko na ganin likita kafin a gan ka, in ka ji haka ka kira ni nan take.

Turo min CV ɗinka bayan Isha'i in duba. Gobe in na taso daga aiki zan biyo gida, in zama manaja ka zama mai neman aiki, Umma ta ba mu maki. Allah Ya ba da sa'a.