Ana iya tsige shugaban da ya riga ya sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji cewa Majalisar Dattawan Amurka ta yi wa Donald Trump shari'ar tsigewa a 2021 bayan ya bar mulki. Wanda ba ya kan kujera, daga ina za a tsige shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wannan tambayar taka ce ta raba kan sanatocin Amurka a lokacin.

A can aikin mataki biyu ne. Majalisar Wakilai ke gabatar da tuhuma, kuma rinjaye kawai take buƙata. Majalisar Dattawa ke zaman shari'a, inda sai kashi biyu bisa uku sun amince, wato 67 idan duk sanatoci 100 sun hallara. Ranar 13 ga Janairun 2021 wakilai suka tuhumi Trump da tunzura harin da aka kai ginin majalisa ranar 6 ga watan, da ƙuri'a 232 a kan 197. Lokacin yana kan mulki, saura mako guda ya sauka. Shari'ar ce ba a fara ba sai 9 ga Fabrairu.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, kundin tsarin mulkin ƙasar ya tanadi hukunci biyu: cirewa daga muƙami, da haramta wa mutum sake riƙe muƙamin gwamnatin tarayya. Na biyun masu ƙara suke nema. Sai dai ba a isa gare shi sai an fara samun mutum da laifi. Daga nan rinjaye kawai ya wadatar.

Lauyoyin Trump da akasarin sanatocin jam'iyyarsa ta Republican suka ce don mai riƙe da muƙami aka yi tsigewa, wanda ya koma gida kuwa kotu ce hurumin sa. Suka kafa hujja da cewa Alƙalin Alƙalai John Roberts, wanda doka ta ce ya jagoranci shari'ar shugaban ƙasa, bai zauna ba, Sanata Patrick Leahy ne ya jagoranta. Ɗaya ɓangaren ya kawo misalin William Belknap, sakataren yaƙi da aka zarga da cin hanci a 1876. Ya yi murabus 'yan sa'o'i kafin a tuhume shi, amma sanatoci suka ce suna da hurumi, suka saurari shari'ar, ko da yake bai sha kaye ba. A ganina hujjar nan ta fi ƙarfi, domin in ba haka ba duk wanda ya ga ruwa ya kusa ƙare masa sai ya ajiye aiki, ya dawo takara gobe. A Brazil ma, Fernando Collor ya yi murabus a Disamban 1992 ana tsaka da shari'arsa, duk da haka sanatoci suka hana shi muƙami na shekara takwas.

Sanatocin Amurka sun yarda suna da hurumi da ƙuri'a 56 a kan 44. Amma ranar 13 ga Fabrairu 57 ne kaɗai suka same shi da laifi, har da 'yan Republican bakwai, wato saura goma a kai 67. Jagoran sanatocin Republican Mitch McConnell ya ɗora wa Trump alhakin harin a fili, amma ya kaɗa ƙuri'ar wanke shi saboda batun hurumin. Tun da ba a kai ga haramcin ba, Trump ya sake tsayawa a 2024 ya ci zaɓe.