Inshorar Katin Banki Ko Wadda Ake Saya Daban: Amsa Ga Wani Alhaji Mazaunin Jidda

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Jidda da iƙama (takardar izinin zama), asalina Kano. Ina shirin zuwa Faransa da uwargida da mahaifiyata mai shekara 69, mu duba ɗana da ke karatu a can na mako uku, daga nan mu wuce gida mu yi wata biyu. Hajiya tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma ina so likita ya duba ta a can. A banki an ce mini katin bashina yana ɗauke da inshorar tafiya kyauta. Shin ta wadatar, ko sai na sayi wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A tafiya irin wadda ka zayyana, ban ga dalilin da zai sa ka dogara da inshorar katin kaɗai ba.

Abu na farko da ya kamata ka fahimta shi ne, inshorar da ke kan kati ba kai ka ƙulla ta ba. Banki ne, ko kamfanin katin irin su Visa da Mastercard, ya ƙulla yarjejeniya ɗaya da wani kamfanin inshora domin dukan masu riƙe da wannan nau'in kati, kai kuwa mai cin moriya ne kawai a ƙarƙashinta. Ba a tambaye ka shekarunka ba, ba a tambaye ka su wa kake tafiya da su ba, kuma ba ka da ikon ƙara sharaɗi ko cire wani. Maganar da ma'aikacin banki ya faɗa maka a baki ba ita za a duba ba ranar neman diyya. Abin da za a buɗe shi ne takardar sharuɗɗan, wadda yawancin masu kati ba su taɓa karantawa ba. Har ila yau, amfanin yana bambanta da darajar kati, abin da ke kan manyan katuna irin su Infinite ko World Elite ba shi ne ke kan ƙaramin kati ba, kuma kada ka haɗa katin bashi da katin Mada, wato katin Saudiyya na cirar kuɗin asusunka, domin ba tsari ɗaya suke bi ba.

Idan ka karɓi takardar, ka fara da sharaɗin da ke sa inshorar ta soma aiki. A galibin irin waɗannan yarjejeniyoyi sai an biya kuɗin tikitin da katin kansa, wani lokaci dukansa, wani lokaci wani kaso da aka ƙayyade. Mutanenmu da yawa sukan kai wa ejan tsabar riyal ya yanko tikiti, ko wani ɗan uwa ya biya da nasa katin, sai a wayi gari katin yana aljihu amma inshorar ba ta taɓa farawa ba.

Sai ma'anar iyali. A wurinmu mahaifiya ita ce kan gaba a iyali, amma a harshen waɗannan takardu iyali yawanci na nufin mai katin da matarsa da 'ya'yan da ke ƙarƙashin kulawarsa zuwa wasu shekaru da aka iyakance. Iyaye ba kasafai suke shiga ba. Mai mata fiye da ɗaya ma ya kamata ya nemi a rubuta masa wacce aka rufe, tun da kalmar da ake amfani da ita tilo ce. Ko da an ce Hajiya ta shiga, akwai iyakar shekaru, kuma akwai abin da ya fi kowanne nauyi a lamarinka, wato ciwon da mutum ke da shi tun kafin tafiya. Inshorar kati ta saba cire irin wannan ciwo, kuma cirewar ba ta tsaya ga sunan ciwon ba, tana bin duk abin da ya haifar. Idan, Allah ya kiyaye, mai hawan jini ta samu shanyewar ɓarin jiki a Faris, kamfanin zai nemi takardun asibitinta na Jidda, ya ce wannan reshe ne na tsohon ciwo, ya ƙi biya. Ganin likitan da ka shirya mata kuwa, ka sa kuɗinsa a lissafin aljihunka tun yanzu, domin inshorar tafiya, ta kati ce ko ta saye, an yi ta ne domin abin da ya faɗo ba zato, ba domin maganin da aka tashi takanas a je nema ba.

Kashi na biyu na tafiyarka ma yana da nasa tarko. Inshorar kati tana iyakance yawan kwanakin tafiya ɗaya, kuma mako uku da wata biyu sun haura kwana 80, saboda haka ka duba ko adadin ya kai nan. Ka duba kuma yadda aka fassara ƙasar mutum, domin wasu yarjejeniyoyi ba sa biyan kuɗin magani a ƙasar da matafiyi ke ɗauke da fasfonta, bisa ɗaukar cewa ya koma gida ne. Ga wanda ke zaune a Saudiyya da fasfon Najeriya, wannan layi ɗaya na iya fitar da Kano gaba ɗaya daga cikin kariyar.

Ta fuskar biza, doka a bayyane take. Sashe na 15 na dokar biza ta Tarayyar Turai, mai lamba 810 ta shekarar 2009, ya wajabta wa mai neman bizar Shengen, wato bizar shiga rukunin ƙasashen Turai da Faransa ke ciki, ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, wadda ke aiki a dukan ƙasashen yankin tsawon zamansa, ta kuma ƙunshi maganin gaggawa da kwanciya a asibiti da mayar da majinyaci ko gawa gida. Ofishin jakadanci ba ya karɓar hoton kati a matsayin hujja; takardar shaida yake so mai sunan kowane matafiyi da kwanaki da adadin kuɗi. Idan mai inshorar katin zai ba ka irin wannan takarda da sunanka da na uwargida, to ta isa neman biza, amma ta Hajiya sai an saya. Ka kuma riƙe cewa yuro 30,000 mafi ƙarancin abin da doka ta nema ne, ba ma'aunin abin da doguwar jinya a ɗakin kulawa ta musamman ko jirgin ɗaukar majinyaci ke ci ba.

Ba ina nufin inshorar katin ba ta da amfani ba ne. A jinkirin jirgi da ɓatan jaka tana taimakawa, sai dai a nan ma wanda ake fara bi shi ne kamfanin jirgin. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Saudiyya da Faransa da Najeriya duk suna cikinta, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kaya zuwa wani adadi, da sharaɗin a kai ƙorafi a rubuce cikin kwana 7 idan jaka ta lalace, ko kwana 21 idan ta makara. Ka karɓi takardar rahoto tun a filin jirgi, domin mai inshora zai neme ta. Zinare da tsabar kuɗi da hajar sayarwa kuwa, ko an cire su ko an sa musu iyaka ƙarama, kuma wannan ya shafe ka a matsayinka na ɗan kasuwa.

Akwai kuma batun inda za ka kai ƙara idan aka hana ka haƙƙinka. Inshorar da ka saya daga kamfani mai lasisi a Saudiyya tana ƙarƙashin Hukumar Inshora, wadda aka kafa a 2023 ta karɓi wannan aiki daga Babban Bankin Saudiyya, kuma idan ƙorafi bai warware ba akwai kwamitocin da doka ta ware domin yanke hukunci a rigingimun inshora. A nan kai ne mai yarjejeniyar, sunanka ne a kanta. Ta katin kuwa, mai yiwuwa ne kamfanin da ke bayanta yana wata ƙasa, takardar kuma ta zaɓi dokar can, ka ga bibiyar haƙƙi ta zama doguwar tafiya. Ga wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar ta fuskar addini, dokar da aka fitar a 2003 ta gina kamfanonin inshorar Saudiyya a kan tsarin ta'awuni, wato taimakekeniya.

Shawarata ita ce ka saya wa Hajiya inshorarta daban, ka faɗi hawan jinin da sugan da magungunan da take sha ɗaya bayan ɗaya, ka nemi a rubuta ko za a biya idan ɗayansu ya tashi farat ɗaya, ko da kuɗin zai ƙaru. Ɓoye ciwo domin a samu sauƙin farashi yana ba kamfani hujjar ƙin biya gaba ɗaya. Kai da uwargida za ku iya tsayawa kan ta katin idan takardar ta amsa batun biyan tikiti da yawan kwanaki da Najeriya. In ɗaya ya faɗi, ku saya ku ma. Ka tambaya ko kamfanin ne ke biyan asibiti kai tsaye ko sai ka biya a maido maka, ka adana lambar gaggawarsu, domin yawanci sukan sharɗanta a sanar da su da zarar an kwantar da mutum. Kafin ku tashi kuma, ka sa a ba bizar fita daga Saudiyya da dawowa ta kowannenku ƙarin kwanaki fiye da lissafin tafiyar, ka tabbatar iƙamar ba za ta ƙare kuna waje ba, saboda jinyar da ta tsawaita kan ci wa'adin biza, kuma wannan ba ya cikin abin da inshora ke gyarawa.